Mai Tsani da Kebul Mai Zare Takwas

Tun yana saurayi ake kiransa Mai Tsani, sunan kuma ya bi shi har furfura. Ubansa mai haƙar rijiya ne. Ranar da ɗan ya samu aiki a hukumar tarho, tsohon ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "To madalla. Ni ƙasa nake shiga neman abinci, kai kuma sama za ka hau. Gidan nan dai ba mai son zama inda mutane suke."

Dogo ne siriri, mai dogayen yatsu, ba ya son yawan magana. Aikinsa bin layi, daga wannan falwaya zuwa waccan, tsani ɗaure a gefen keke, daga baya a gefen babur. Yana da wani ɗan tarhon gwaji mai baki biyu da yake maƙalawa a jikin waya ya kara a kunne. Da kunnen nan ya ci abinci shekara da shekaru. In ya ji layi yana shuu kamar ruwan sama a kan kwano, ya san ruwa ya shiga mahaɗa. In ya ji ƙas-ƙas, reshen bishiya ne ke gogar waya, ko tsatsa ta ci wani wuri. In kuma gunji ya ji ƙasa-ƙasa, to layin ya matsi wayar lantarki. Abokan aikinsa sukan ce Mai Tsani ba ya neman ɓaraka da ido, ɓarakar ce ke kiransa.

Falwaya ce ma ta yi masa dalilin aure. Wata rana yana saukowa ƙusa ta kama masa wando ta tsarge shi tun daga gwiwa har sama. Shagon da ya fi kusa na ɗinki ne, wata budurwa na zaune a kan keken ɗinki. Ta dubi wandon, ta dubi mai wandon, ba ta yi dariya ba sai da ya shiga bayan labule ya miƙo mata. Daga nan ya fara samun matsalar layi a wannan titin fiye da kowane titi a garin. Bayan aure ma bai daina kiranta Tela ba. Ita kuma Malam take ce masa, sai in ya ɓata mata rai ne take kiransa Mai Tsani, kamar kowa.

Suka haifi 'ya'ya, suka aurar da na aurarwa. Ana nan sai wayar hannu ta shigo gari. Da farko ya ɗauka abin masu hali ne, zai wuce. Bai wuce ba. Gidaje suka daina kiran a zo a gyara layi, ofisoshi suka tura tarhonsu ƙarƙashin tebur, ɓarayi suka riƙa yanke wayoyin da ya ja da hannunsa, abin da ya rage tsuntsaye suka mayar wurin hutawa. Hukuma ta sallami mutane da yawa, har da shi. Bai yi ƙorafi ba. Ya koma gyaran fanka da sauya soket a gidajen unguwa, ya naɗe tarhon gwajinsa a tsumma ya ajiye a ƙasan akwati. In an yi masa jaje sai ya ce, "Zamani riga ne. Tawa ce ta tsufa."

Ya haura sittin lokacin da Likita ta aiko a kira shi. Likita tsohuwa ce mai wani ƙaramin asibitin haihuwa, bene hawa ɗaya da fili a baya. A ƙarshen filin akwai ɗakin gwaje-gwaje da ɗakin janareta, can bakin titi kuma ɗakin mai gadi. Mai Tsani ne ya ja wa ginin layukan tarho tun fentinsa na farko bai bushe ba, kuma a nan aka haifi autarsa.

"Malam, wayar hannu ta gajiyar da ni," in ji Likita bayan sun gaisa. "Wannan nas ba caji, waccan ta bar tata a gida, a ɗakin tiyata kuma ba ta kamawa sam. Ina son tarho a kowane ɗaki kamar da, wanda ba ya zuwa ko'ina. An ce yanzu na dijital ake sawa. Ga wadda za ta haɗa mana injinan. Amma ba wanda ya san cikin silin ɗin nan kamar kai."

Wadda aka nuna masa yarinya ce a idonsa, ba za ta wuce sa'ar 'yarsa ta biyu ba. 'Yar ƙarama ce mai tabarau, da jaka goye a baya. Kowa Injiniya yake ce mata. Ta gaishe shi da ladabi, ta kira shi Baba, abin ya kwanta masa.

Abin da bai kwanta masa ba shi ne maganarta ta farko, cewa sai an ja sabon kebul a ginin gaba ɗaya.

"'Yata, wayar da ke cikin bangon nan ni na sa ta," ya ce. "Jan ƙarfe ne zalla, irin wanda ba a yi yanzu. Ko ɓera ya san girmanta. A kan me za a yar da abu lafiyayye?"

Ba ta yi masa musu ba. Ta ce, "Mu gwada, Baba. In ta ɗauka, ai mun huta."

Suka haɗa sabon tarho ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama, a kan tsohuwar wayar. Fuskar tarhon ta kawo haske, Mai Tsani ya ɗan gyara tsayuwa. Aka ce wa babbar nas ta kira daga sama. Ya ɗauka ya kara a kunne. Muryar ta zo tas, babu shuu babu ƙas-ƙas, sai dai a gutsure. "A kawo... ɗaki na... yanzu... ba ta..." Sai shiru, sai kuma ƙarshen wata kalma.

Ya zo da tsohon tarhon gwajinsa a aljihu, don ya ɗauko shi daga akwati tun da safe. Ya maƙala shi a layin ya saurara. Bai ji abin da ya sani ba. Ya cire ya mayar aljihu.

Injiniya ta jawo kujera ta ce ya zauna. Ta ce tarhon da, muryar mutum ce da kanta ke bin waya, shi ya sa ko layi ya lalace ana jin magana a cikin hayaniya. Wannan kuwa yana daddatsa murya ne ya mai da ita lambobi, ya tura su da gudu, na can ya sake harhaɗawa. In wasu lambobin suka ɓata a hanya, ba hayaniya za a ji ba, kalmar ce za ta ɓace ɗungurungum. Ta ciro guntun sabon kebul daga jaka ta feɗe masa baki. Siraran wayoyi takwas ne a ciki, bibbiyu, kowane biyu a murɗe da juna tamau kamar igiyar guga.

"Murɗin nan shi ne maganin," ta ce. "Shi ke hana hayaniyar waje shiga. Taka akwai murɗi, amma sakwa-sakwa ne, don ba a yi ta domin wannan gudun ba. Kuma tarhon nan ta cikin kebul ɗin yake shan wutarsa."

Ya karɓi guntun ya juya shi a yatsu. Ya tuna asibiti ne, inda "ba ta numfashi" da "tana numfashi" kalma ɗaya ce ta raba su. Ya ce, "Gani ya kori ji. A ja sabo."

Washegari suka zagaya ginin tare, ita da tef ɗin awo, shi da tocila. A nan ya ji ya dawo gida. Ya nuna mata inda kwano ke yoyo a kusurwar ɗakin jarirai, da inda manyan wayoyin lantarki suka bi ta saman baranda, da ramin da ɓeraye ke shigowa ta bayan ɗakin wanki. Ita kuma tana aunawa tana lissafi. Ta ce irin wannan kebul ba ya son ya wuce mita ɗari a ja ɗaya, in ya wuce lambobin sun fara gajiya ke nan. Ɗakin mai gadi kuwa ya zarce haka nesa ba kusa ba.

"A da har bayan gari muke jan layi," ya ce.

"A da murya ce ke tafiya a ƙasa, Baba. Wannan gudu take yi, dole a sama mata wurin shan ruwa."

Ya yi murmushi. Ya ce akwai ɗan ɗakin ajiyar magani a tsakiyar hanya, yana da soket, yana da makulli, kuma ba ya zafi. Suka tsayar da shawara a nan za a sa ƙaramin akwatin da zai karɓi layin ya sake tura shi. Kafin la'asar sun san abin da suke nema, kebul iri uku. Na cikin ɗakuna, wanda ba shi da wani tarkace. Na barandar da ta bi ta jikin ɗakin janareta, mai rigar ƙarfe siririya a ciki kamar takardar naɗe alewa, don kare shi daga gunjin injin. Sai na tsallake fili, baƙi mai kaurin fata, mai maiƙo a ciki, wanda rana ba ta fasa shi, ruwa ba ya ratsa shi.

Wurin saye kuwa Mai Tsani bai yi shawara da kowa ba. Shagon Gajere suka nufa. Gajere tsohon abokin aikinsa ne a hukuma, shi ake turawa ramukan ƙarƙashin titi saboda ko'ina yana shiga. Da aka sallame su ya buɗe shagon kayan waya a wani lungun kasuwa, shago mai tsawo da duhu, kwalaye har rufi.

"A'a, yau falwaya ce da kanta a shagona?" in ji Gajere. "Sunkuya kar ka fasa min ƙwan fitila."

"Ina kake ne? Ina jin murya ban ga mutum ba."

Sai da suka gama wannan tsokanar, wadda sun fi shekara talatin suna yi, sannan aka zo maganar kebul. Gajere ya sauko da kwali biyu ya dire. Rubutun jikinsu iri ɗaya, launin kebul ɗin iri ɗaya.

"Ga su nan," ya ce. "Ɗaya na masu gaggawa ne, ɗaya na masu son barci. Ba zan faɗa ba, ku nemo."

Mai Tsani ya ɗaga wannan, ya ɗaga wancan. Na hagu ya fi sauƙi a hannu. Ya yanko ɗan guntu daga kowanne, ya feɗe, ya sa bakin wuƙa ya kankare siririyar wayar. Na dama ja ne har ciki. Na hagu kuwa jan a fata kawai yake, ana kankarewa sai ga fari ya bayyana, alminiyum ne aka shafa wa jan ƙarfe. Gajere ya miƙo ashana. Da aka kara wuta, na dama ya yi baƙi ya tsaya ƙyam, na hagu ya lanƙwashe ya zube kamar ganyen da ya sha rana.

Injiniya ta ce irin na hagun yana aiki wata na farko, har mutum ya yi ta murna. Daga baya sai ya riƙa ɗumi in tarho na jan wuta ta cikinsa, ya riƙa karyewa a bakin soket, a yi ta neman laifi a wurin da babu.

"Araha ba ta ado," in ji Gajere. "Amma in ban ajiye shi ba, maƙwabcina zai ajiye."

Ta ƙara da cewa a ba su mai taurin ciki don bango da silin, sai 'yan gajeru masu laushi da za su tashi daga soket zuwa tebur, don su ne ake ja ana lanƙwasawa kullum. Sannan ta miƙo wa Mai Tsani bakin kebul ta ce ya duba lambar kaurin da aka buga a jikinsa. Ya kai shi kusa da ido, ya nisanta shi, ya matsa bakin ƙofa. Rubutun ya ƙi tsayawa.

"Masu buga wannan rubutu ba sa tsoron Allah," ya ce. "Karanta da kanki, 'yata."

Ta karanta, aka wuce wurin.

Jan kebul ɗin ya yi masa daɗi fiye da yadda ya zata. Ya hau tsani ya shiga silin, ƙura da zafi da warin tsohon katako suka tarbe shi kamar 'yan uwa. Ya bi ƙa'idojin da Injiniya ta gindaya ba tare da gardama ba. Kada a lanƙwasa shi kamar gwiwar hannu, a bar shi ya juya a hankali. Kada a ɗaure shi har ya shaƙe. A nisanta shi da wayar lantarki, in kuma dole su haɗu, su gicciye juna su wuce, kada su jera. Wasu daga ciki ya riga ya sani tun kafin a haife ta, wasu kuwa sababbi ne, bai tsaya rarrabewa ba. Baƙin kebul ɗin fili suka zura a bututun roba suka binne. Yakan koma gida kullum da yanar gizo a hula, yana cin abinci kamar saurayi.

Matsalar ta ɓullo ne da aka zo sa kawuna. Kowane bakin kebul sai an feɗe shi, a jera siraran wayoyin nan takwas bisa tsarin launinsu, a tura su cikin wani ɗan kan roba mai haske, a matse da filaya. Fari mai ratsin ruwan lemo, ruwan lemo, fari mai ratsin kore, shuɗi, fari mai ratsin shuɗi, kore, fari mai ratsin ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Ya haddace tsarin tun ranar farko. Injiniya tana da 'yar na'urar gwaji mai fitilu takwas, in an jera daidai sai su kama ɗaya bayan ɗaya.

Na farko da ya yi, fitilun suka yi tsalle. Na biyu ya yi daidai. Na uku da na huɗu suka sake tsalle. Ya yanke ya sake, ya yanke ya sake, har ya fara tsoron kebul ɗin zai gajarce. A idonsa lemo da ruwan ƙasa sun zama 'yan gida ɗaya, kore da shuɗi kuma sai ya rantse tagwaye ne. Fararen masu ratsi kuwa duk fari ne kawai.

"Hasken ɗakin nan ba shi da kyau, Baba," in ji Injiniya. "Mu bari sai gobe."

Ya san hasken lafiyarsa lau, ya kuma san ta sani. Ya tsinci guntayen kebul ya zuba a aljihu ya tafi gida.

Da yamma ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida inda rana ba ta gama janyewa ba, ya zauna yana jerawa yana warwarewa. Tela tana gefe tana kama bakin wata riga da allura. Da ya yi jeri na uku sai ta yi magana.

"Malam, ɗazu da lemo ka fara, yanzu kuma ka fara da ruwan ƙasa. Haka abin yake, ko kowanne da ranarsa?"

Ya ɗago. "Wannan ba lemo ba ne?"

"Ruwan ƙasa ne."

Ya ajiye guntun a kan tabarma. Ita ma ta soke allurar a jikin rigar ta ajiye.

"Sau biyu ina aikenka zare shuɗi kana kawo min kore," ta ce. "Na karɓa na yi shiru, na ce ranar da ka shirya za ka faɗa. Shekaranjiya kuma rabin shayin a faranti ka zuba."

"Na ɗauka tsufa ne kawai."

"Tsufan ne mana. Shi ma ai ana kai shi asibiti." Ta miƙo hannu. "Ba ni zaren nan in gani."

"Ba zare ba ne, waya ce."

"Duk abin da ya fi gashi kauri bai kai igiya ba, zare ne a wurina. Faɗo tsarin."

Ya faɗa, tana jerawa. Yatsun da suka shekara arba'in suna zura zare a kafar allura ba su sha wahala ba. Ta daidaita su takwas tsakanin babban yatsa da manuni, suka kwanta lif kamar haƙoran mataji. Ya karɓa ya datse bakin, ya tura a kan roba, ya matse. Ko ba na'ura ya ji a hannunsa cewa ya zauna.

"Gobe tare za mu tafi," ta ce.

"Ki bar kekenki ki bi ni wurin aiki? Me mutane za su ce?"

"Su ce Mai Tsani ya zo da idonsa."

Da safe ta sa mayafinta mai kyau, ta ɗauki 'yar kujerarta ta katako da wani tsohon almakashi. Na yankan yadi ta kulle shi a durowa, ta ce wannan ko da wasa ba ya taɓa ƙarfe. Injiniya ta gan su tafe, shi da jakar kayan aiki, ita da kujera a hannu. Ba ta tambayi dalili ba. Ta gaishe ta, ta kira ta Mama, ta matsar da kwalaye ta yi mata wuri kusa da taga.

Kan farko da Tela ta jera, fitilu takwas suka kama a jere, amma Injiniya ta duba ta girgiza kai. Ta ce an warware murɗin da yawa, kada ya wuce tsawon farce, don a wannan ɗan wurin ma hayaniya na iya shiga. Tela ta ɗan tsuke baki, don ta daɗe rabon da a gyara mata aiki. Ta ce, "Wato kamar bakin zani, in ka bar zare ya yi tsawo sai ya zare." Ta sake, wannan karon Injiniya ta ɗaga shi sama ta ce ita kanta ba ta yin mai kyan haka.

Daga nan aiki ya miƙe. Shi ya feɗe ya miƙa mata, ita ta jera ta datse ta miƙo masa, ya matse, Injiniya ta gwada. Suna yi suna 'yar tsama irin tasu. Ta ce yana feɗe kebul kamar mai fushi da shi, ya ce ita kuma tana lallaɓa shi kamar jikanta. Kafin su kai ɗakunan sama, nas-nas sun gano akwai tela a gidan, har an fara kawo mata riguna a leda ana cewa a ɗan rage nan, a ɗan saki can.

Likita ma ta gano abin da ya kawo Tela. Ta tare Mai Tsani a baranda ta ce ya zauna, ta haska masa 'yar tocila a ido ɗaya, ta haska a ɗayan.

"Yanar ido ce, Malam, ta rufe duka biyun, na dama ya fi. Ba abin tsoro ba ne, cirewa ake yi. Zan haɗa ka da mai aikin ido. Amma tsanin nan ka sauka daga kansa haka nan."

"Saura kaɗan mu gama."

"Na san haka za ka ce. To abin da ya rage na sama, a samu wani ya hau."

Bai so ba, amma Tela na tsaye a wurin, don haka maganar ta zauna.

Ranar da aka kunna layukan duka, da hantsi ne. Injiniya ta zagaya ɗaki-ɗaki tana kira, kowanne ya amsa. Saura na ɗakin mai gadi, mafi nisa, wanda ya bi ta jikin janareta, ya huta a ɗakin magani, ya nutse ƙarƙashin fili. Ta sa aka tayar da janareta da gangan don a gwada shi a mafi munin hali. Mai Tsani da Tela suka taka zuwa bakin ƙofa su jira kiranta.

A bakin ƙofar akwai wani mutum da tun safe yake kai da kawowa, ya zauna a benci ya tashi, ya leƙa titi ya dawo. Mai gadi ya ce matarsa ce a sama, haihuwar fari. Tarhon ya yi ƙara. Mai gadi ya ɗauka da hannu biyu kamar kwano mai zafi, ya saurara, sai ya dubi mutumin.

"Ba Injiniya ba ce. Babbar nas ce, kai take nema."

Mutumin ya karɓa. Mai Tsani yana tsaye kusa, janareta na ruri a bayansu, amma ya ji muryar tana fitowa daga tarhon kalma bayan kalma, ba wadda ta faɗi a hanya. An sauka lafiya, mace ce, uwa da 'ya duk lafiya, ya ba su ɗan lokaci a gyara su sannan ya hau. Mutumin ya ce to, ya sake cewa to, ya ajiye tarhon a karkace. Ya rasa wanda zai kama, sai ya kama hannun Mai Tsani da hannu biyu yana ta godiya, bai ma san ko wane ne ba. Mai Tsani ya yi masa barka. Tela ta gyara zaman tarhon a mazauninsa.

Bayan an gama aikin aka yi masa idon dama, da ya warke aka yi na hagu. Ranar da aka cire masa bandeji na farko, suna isowa gida ya tsaya ya ƙura wa ƙofar ido. Da hannunsa ya yi mata fenti bara.

"Tela, wa ya sauya wa ƙofar nan launi?"

"Ba wanda ya taɓa ta."

"Shuɗi na shafa."

"Kore ka shafa, Malam. Kore shar. Muka ga kana ta murna, muka ce a bar ka."

Ya daɗe yana dubanta, ƙofar da matar duka. Ya ce koren ma ba laifi.

Yanzu yana ganin zare takwas ɗin sarai, har rubutun jikin kebul yana karantawa in ya sa tabarau. Tsani kuwa ba ya wuce matakala uku, wannan sharaɗin Likita ne, Tela ce kuma mai tsaron sa. Injiniya ba ta yar da su ba. In ta samu aiki a makaranta ko otal ko wani ofis, takan kira. Shi ke zagaya gini ya faɗi inda kebul zai bi da irin wanda ya dace da kowane wuri, shi ke zuwa shagon Gajere da wuƙarsa a aljihu. Ya ɗauka da zarar idonsa ya warke Tela za ta koma kan kekenta gaba ɗaya. Ta koma, amma ba gaba ɗaya ba.

Kwanan baya wayarsa ta yi ƙara suna karyawa. Injiniya ce. Suka gaisa, ta tambayi ido, ta tambayi jikoki, ta ce akwai wata makaranta mai ajujuwa da yawa da ke son tarho a kowane ofis.

"To, yaushe za mu je mu duba ginin?" ya ce.

"Ko jibi, Baba. Amma kawunan suna da yawa sosai. Mama tana kusa? Ina son in ji ko tana da sarari a makon nan."

Ya miƙa mata wayar. Tela ta goge hannu ta karɓa, ta ce tana da ɗinkin mutane har Laraba, amma daga Alhamis ba komai. Ya ci gaba da shan shayinsa yana saurarensu suna tsara ranakun.